Tsakiyar garinmu na mutuwa tun da aka fitar da tasha: ta ina za a fara gyara?

Ɗan Ƙofar Fada:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana tsara gari da waɗanda suka san harkar kasuwa.

Garinmu hedikwatar ƙaramar hukuma ne a Arewa maso Yamma. Tsarinsa irin na tsofaffin garuruwanmu ne: fadar hakimi da masallacin Juma'a na kallon fili ɗaya, tsohuwar kasuwa na bayansu, tashar mota kuma a da tana manne da kasuwar. Da aka yi titin bayan gari sai aka kwashe tashar aka kai bakinsa, tazarar kamar kilomita 3. Gidajen mai, masu kayan gini da masu shayi duk suka bi ta. Yanzu kusan sulusin rumfunan tsohuwar kasuwa a rufe suke, ana idar da magariba wurin ya yi tsit ya yi duhu, da damina ruwa na kwanciya a layin 'yan hatsi har gwiwa, ga kangayen gidajen gado da suka koma juji.

Ƙungiyar ci gaban gari ta rabu biyu. Wasu na cewa a roƙi gwamnati ta rushe kasuwar a kawo ɗan kwangila ya gina ta zamani mai bene. Wasu na cewa a ƙyale ta, a gina sabuwa a bakin titi kowa ya koma can. Kuɗin hannu kuwa ba yawa: gudummawar 'yan gari mazauna Kano, Abuja da Legas, sai alƙawarin ɗan majalisa. Me ya kamata a fara yi, kuma wa ke da hurumin ba da izini?

Mai Tsara Birane:

Wa alaikumus salam Malam. Duka shawarwarin biyu ku jingine su tukuna. Ƙafar mutane aka ɗauke muku, shi ya sa kasuwar ke mutuwa. Tasha ce ke sauke baƙo a ƙofar rumfa. Yanzu mai zuwa daga ƙauye sai ya biya acaɓa zuwa da dawowa kafin ya sayi gishiri da sabulu, don haka yana saye inda mota ta ajiye shi. In kun ɗora bene hawa uku a wurin ƙafar ba ta dawo ba, kango mai fenti kuka samu.

Aikin farko ƙidaya ne, kuma ba ya cin kuɗi. Ku buga hoton tsakiyar garin daga Google Earth a babbar takarda, ku zagaye yankin da za ku yi aiki a ciki. Kada ya wuce tafiyar minti biyar a ƙasa daga ƙofar fada, wato mita 400 ta kowace fuska. Wanda ya ce zai gyara gari gaba ɗaya ba zai gyara ko layi ɗaya ba. Ku ba kowace rumfa, shago da gida lamba, a rubuta mai shi, mai haya, abin da ake sayarwa, a buɗe yake ko a rufe, kuma tun yaushe. Matasa huɗu da wayoyi da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox za su gama cikin mako biyu. Sannan a tsayar da mutum a kowace mashiga ya ƙirga masu shigowa na minti 15 a kowace awa, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 9 na dare, a ranar kasuwa, ranar Juma'a da wata rana ta daban. Wannan lissafin ne zai nuna muku layin da har yanzu yake da rai. Daga shi ake fara gyara, ana matsawa zuwa matattun a hankali.

Na biyu, tashar. Kada ku nemi a dawo da ita dungurungum, ba za a yarda ba, kuma tirela da gingimari ba su da abin yi a ƙofar fada. Abin nema shi ne a raba lodi: motocin dogon zango su zauna a bakin titi, ƙananan motocin ƙauyukan kewaye da 'yan adaidaita sahu su dawo tsohon filin tasha su riƙa sauke fasinja da ɗauka. Su ne masu kawo mai sayen yau da kullum. Filin da zai ɗauki mota 15 zuwa 20 ya isa, da rumfar jira da banɗaki. Ku zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi tun kafin ku je wurin ciyaman, domin in suka ga kuɗin kamasho zai kuɓuce musu za su kashe maganar cikin kwana ɗaya. A bar musu karɓar kamashon a wuraren biyu.

Batun hurumi kuwa, Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, banɗakunan jama'a, magudanan ruwa, fitilun titi, kwashe shara da sa wa tituna suna da gidaje lamba. Kusan duk abin da kuka lissafo aikinta ne. Izinin gini da sauya amfanin fili kuma na hukumar tsara birane ta jiha ne, irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Akwai dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne, saboda haka dokar jiharku za ku nema ku karanta. Taswirar da za ku miƙa ta fito daga hannun mai tsara gari da ke da rajistar TOPREC, hukumar da ke yi wa masu tsara birane rajista, in ba haka ba za ta kwana a durowa.

Wannan ciwon ba namu kaɗai ba ne. Ƙananan garuruwan Amurka sun sha shi lokacin da manyan hanyoyi da rukunin kantuna na bayan gari suka janye ciniki. A 1977 ƙungiyar National Trust for Historic Preservation ta gwada wani tsari a garuruwa uku, Galesburg, Madison da Hot Springs, wanda ya zama shirin Main Street a 1980. Abin ɗauka a ciki biyu ne: gyara kaɗan-kaɗan ba tare da rusau ba, da ɗaukar mutum ɗaya wanda aikinsa kenan safe da yamma. Kwamitin sa kai da ke haɗuwa sai an zo hutun sallah ba ya gyara kasuwa. Ku ware albashin mutum ɗaya kafin ku sayi buhun siminti ko ɗaya.

Injiniyan Ruwa:

Na yarda da Mai Tsara Birane, sai dai ruwan da ke kwanciya a layin 'yan hatsi ba zai jira a gama ƙidaya ba. Ba mai zuba jari a rumfar da damina ke jiƙa masa buhu.

Kafin a haƙa komai, ku tambayi dattawa inda ruwan kasuwar yake tafiya a da. Amsar kusan kullum kududdufi ce. Ramukan da aka ɗebi ƙasar ginin gari a cikinsu su ne matattarar ruwan tsofaffin garuruwanmu, kuma da yawansu an cike su da shara an yanka fuloti. In naku na nan, a yashe shi, a kewaye shi saboda yara, a sa safiyo ya auna a shigar da shi taswira a matsayin filin jama'a. In an riga an gine shi, dole a nemi wata mafitar, kuma ita ce za ta ci kuɗin. Kantin Kwari a Kano ta ga illar gini a kan hanyar ruwa a daminar 2022, lokacin da ambaliya ta shiga shaguna ta lalata atamfofi da shaddoji.

Babban kuskuren aikin gayya shi ne fara lambatu daga inda ruwa ke damun mutane. Daga mafita ake farawa, a yo sama. In an fara daga sama kuɗi suka ƙare a tsakiya, an tattaro ruwan unguwa guda an juye wa gidan wani. Kuma a sa na'urar awon gangare, ido yana yaudara a fili mai shimfiɗe.

Ga lissafin girma a sauƙaƙe. A ce yankin da ke zubo ruwa hekta 5 ne, rufin kwano da daɓe sun yi yawa har kashi 70 cikin 100 na ruwan sama na gangarowa, kuma a ɗauki ruwa mai ƙarfin milimita 100 a awa. A ninka 0.7 da 100 da 5, a raba da 360: kusan mita kubik 1 a daƙiƙa. Lambatun kankare mai faɗi da zurfin santimita 60, wanda 'yan kwangila suka fi so, a gangaren mita 1 cikin 200 ba zai iya ɗauke wannan ruwan ba. Mai santimita 90 ne zai ɗauke shi har da rara. Shi ya sa za ka ga sabon lambatu, ruwa kuma na gudu a kansa.

Kayan aiki: kaurin bango da ƙasa santimita 15, kwaɓin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, rodi mai milimita 10 ko 12 a tazarar santimita 20. Mai santimita 90 ɗin yana cin kankare kusan mita kubik 0.45 a kowace mita, wato buhun siminti kamar 3. Mita 100 ku yi tanadin buhu 300, ban da na shimfiɗar ƙasa da murafe. Kada a yarda da bulo a babban layi, tayar mota ɗaya ke tura shi ciki. A shayar da kankaren ruwa kwana 7, a ranin Arewa wanda ba a shayar ba yana tsattsagewa kafin damina ta zo. Murfi kuma kada a zuba shi a dunƙule, a yi shi falle-falle yadda mutum biyu za su ɗaga, domin lambatun da ba a iya buɗewa leda da yashi za su toshe shi cikin shekara biyu. A sa ramin tare yashi da ragar ƙarfe a kowace mahaɗa, a yashe a watan Afrilu ko farkon Mayu, a kuma kwashe abin da aka fito da shi a ranar. In aka tara shi a gefe, ruwan farko zai mayar da shi.

Fitila ita ce ta biyu. Don ƙaramin layi, turke mai mita 6 a tazarar mita 20 zuwa 25, ƙwai mai wat 40 da ke rage haske zuwa rabi bayan tsakar dare. Wannan yana cin kusan wat-awa 360 a dare, don haka faranti mai wat 120 zuwa 150, da batirin litiyam mai bolt 12.8 da amfiya-awa 60 ko sama, don ya jure dare biyu in hadari ya rufe rana. Masu arhar nan da aka rubuta wa wat 300 a kwali, ku buɗe ku duba batirin. Yawanci shi ya sa suke mutuwa ƙarfe ɗayan dare. Da hunturu a goge farantin duk mako biyu, kuma batirin ya kasance can sama saboda ɓarayi.

Ku kuma buɗe hanyar motar kwana-kwana: babban layi ɗaya mai mita 6 da ya ratsa kasuwar daga wannan ƙofa zuwa waccan, ƙananan layuka kada su gaza mita 2. Gobarar Sabon Gari ta Kano a 2016 da ta babbar kasuwar Katsina a 2021 sun isa jan kunne. Jonin wuta na barkatai da janareto a cikin rumfa su ne abin fara hanawa.

Tsohon Ɗan Kasuwa:

Injiniya, layin mita 6 ɗin nan da ka faɗa cikin jimla ɗaya, rumfunan mutane ne a kai, kuma a nan ake ɓatawa. Ba a taɓa rumfa ko ɗaya sai an nuna wa mai ita inda zai koma, a cikin kasuwar, kuma a layin sana'arsa. Tunda sulusin rumfunan a rufe suke, wurin musanya na nan, a yi amfani da shi.

Malam mai tambaya, ka gaya wa masu son rusau su je Jos su ga Taminus. Kasuwar ta ƙone a 2002, aka shafe shekaru fiye da ashirin ana alƙawarin sake gina ta, 'yan kasuwar suka watsu a titunan kewaye. Rushewa kwana biyu ne, ginawa kuwa sai gwamnati ta sauya sau uku. Ko an gina ɗin, ɗan kwangila zai fanshe kuɗinsa ne daga farashin shago, mai sayar da kuka da daddawa ba zai iya ba, sai masu kuɗi su saye su rufe suna jiran haya. Shagon sama kuma ba mai hawa ya sayi tumatir, sito yake zama.

Rajistar da aka ce a yi, a yi ta tare da Sarkin Kasuwa da shugabannin layuka: 'yan hatsi, mahauta, 'yan koli, 'yan gwari, maɗinka. A rubuta mai rumfa daban, wanda ke zaune a ciki daban, don sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne, kuma na zaunen ne ake zalunta. A ɗauki hoton kowa a ƙofar rumfarsa, a liƙa jerin a fada da sakatariya mako biyu don mai ƙorafi ya fito. In ba a yi haka ba, ranar rabo za ku ga sunayen da ba su taɓa sayar da ko allura ba.

'Yan tebur kada a kore su, su ne cikar kasuwa. A shata musu wuri da fenti, mita ɗaya da rabi kowanne, a gefe ɗaya na layi. Mata masu abinci da masu fura da nono a ba su inuwa kusa da inda motocin ƙauye za su tsaya, da banɗakin mata mai ƙofa daban da ruwa. Ƙofar banɗaki ɗaya ga rumfa 20 ake so. In ba hali, kada ya gaza ɗaya ga 50, ramin kuma ya yi nesa da rijiya ko burtsatse da mita 30. Manyan motocin kaya su sauke kafin 7 na safe ko bayan isha'i, 'yan dako da masu kura su shigar.

Dare kuwa masu tsire, balangu, shayi da ƙosai ne ke raya shi. Fitila goman farko a kafa su a fili ɗaya a haɗa waɗannan mutane a wurin, a yafe musu kuɗin wuri na wata shida. Haske a warwatse a layukan da ba kowa asara ne.

Abin da ya fi korar mutanen ƙauye shi ne yawan masu karɓa. Mai akuya ɗaya a tare shi sau huɗu kafin ya isa turke, gobe ba zai dawo ba. Rasit ɗaya, farashi a rubuce a allo a ƙofa. Aikin layi kuma kada a fara shi ana saura wata ɗaya sallah ko tsakiyar kaka, lokacin da mutane ke samun na shekara.

Ɗan Ƙofar Fada:

Allah ya saka da alheri, Alhaji. Saura kangayen gadon nan, su ne suka fi ba mu tsoro saboda ɓata-gari na kwana a ciki. Wasu na cewa ciyaman ya ƙwace su kawai. Yana da wannan ikon? Kuɗin gudummawa kuma a hannun wa ya dace su zauna?

Hajiya Barista:

Malam, ku yi hattara da maganar ƙwacewa. A Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin da ke yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni yana ƙarƙashin gwamna ne, kuma jihohi da yawa sun saka hedikwatocin ƙananan hukumomi a wannan sahu. Ku fara tabbatar da matsayin garinku a ma'aikatar ƙasa. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke mallaka don amfanin jama'a, da sanarwa a rubuce ga mai fili. Sashe na 29 kuma ya tanadi diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka. Ƙwace gidan marayu a ba wani ya gina shaguna ba amfanin jama'a ba ne, kotu na iya rushe shi ko bayan shekaru.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a bi magada. Yawancin kangayen nan ba a raba gadonsu ba ne, magada sun kai ashirin, wasu na Kudu, ba wanda zai zuba kuɗi a abin da ba nasa shi kaɗai ba. Mai unguwa da limami su tattaro su, a je kotun Shari'a a fitar wa kowa rabonsa a rubuce. Daga nan ko su sayar wa ɗayansu, ko su ba da haya ta shekara 5 zuwa 10 ga wanda zai gyara a cire kuɗin gyaran daga haya, ko su yi wakafi da shi don makaranta ko wurin koyon sana'a. Kowane magaji ya sa hannu, mata ma da kansu, marayu kuma ta hannun waliyyin da kotu ta amince da shi. In gidan na da satifiket, sayarwa ko jingina na buƙatar amincewar gwamna a ƙarƙashin sashe na 22. Kafin a kammala, a nemi izininsu a rubuce a kwashe sharar a toshe ƙofa.

Wanda bangonsa na tubali bai faɗi ba kada a yi saurin tura shi. Magini na gargajiya ya duba azara, ya gyara indararo, ya sake yaɓe da makuba. Shafa siminti a kan ƙasa yana riƙe danshi a ciki, sai ya ɓanɓaro da bangon. Tsohon garin Agadas na ƙasa ne, da hasumiyarsa mai mita 27, kuma a haka UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Kuɗi kuwa, ƙungiyar ta yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ta buɗe asusu da sunanta, mutum uku masu sa hannu daga ɓangarori daban, a ce ɗan kasuwa, wakilin fada da wakilin mazauna waje. A liƙa shiga da fita duk wata a ƙofar kasuwa. Ku raba aljihu biyu. Gudummawa da aikin mazaɓa na ɗan majalisa su tafi ga lambatu da fitilu, kuma ku kai masa zane da kiyasin kuɗi a rubuce kafin a rufe kasafin shekara. Kula da su kuma ya fito daga kasuwar: misali rumfa 400 a naira 200 duk mako ya ba da naira 80,000, wanda zai taimaka wajen biyan masu shara, mai gadi da ajiyar canjin batir. Amma karɓar kuɗin kasuwa haƙƙin ƙaramar hukuma ne, saboda haka sai an yi yarjejeniya a rubuce da ita, kansiloli su amince a zaman majalisarsu, a bayyana kason da zai tsaya a kasuwar. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatarwar na tafiyar hawainiya, don haka kada ku gina lissafinku a kansa.

Injiniyan Ruwa:

Ƙari ɗaya ga masu son sabuwar kasuwa a bakin titi. In titin na tarayya ne, mita 45.72 daga tsakiyarsa ta kowane gefe ba a gini. Layin wuta mai kilobolt 33 yana buƙatar mita 5.5 kowane gefe, mai 132 kuma mita 15. Shagunan da suka bi tasha can, ku auna ku gani nawa ne ke ciki, ku nuna wa masu su kafin su ƙara zuba kuɗi. Alhaji kuma na karɓi gyararka a kan layin mita 6: a fara da mita 4 inda rumfuna suka matse, motar kwana-kwana za ta wuce da ƙyar, a faɗaɗa in an samu wurin musanya. Awon gangare dai a yi shi a watan Nuwamba, haƙa ta fara a Disamba, don kankare ya bushe kafin ruwan farko.